Motar Gary Cooper da akwalar Lam mai kaji

 Yau hirar tamu ta mota ce, amma babu ruwanmu da farashin Kotonu ko na Lome. Za mu taɓa zancen tsofaffin motocin da ƴan wasan fim na da suka hau, waɗanda masu su sun daɗe a ƙarƙashin ƙasa, su kuwa motocin har gobe masu kuɗi na kokawa a kansu a kasuwar gwanjo.

A watan Agusta na 2018, a Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, aka buga guduma a kan wata mota ƙirar 1935, aka sayar da ita dala miliyon 22. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In an juya kuɗin zuwa sefa a canjin wancan lokaci, sun haura miliyar 12. Sunan motar Duesenberg SSJ, buɗaɗɗiya ce mai kujera biyu, injinta na da ƙarfin doki 400 tun a zamanin da motar talakan Amurka ke fama da 80 zuwa 90. Guda biyu rak aka ƙera. A shekarun nan tattalin arzikin Amurka ya karye, attajirai sun ja hannu daga sayen motar alfarma, sai kamfanin ya ga dabarar da ta rage masa ita ce mutane su riƙa ganin taurarin Holiwud a cikin motarsa. Ɗaya ta tafi hannun Gary Cooper, ɗaya hannun Clark Gable. Dabarar ba ta ceci kamfanin ba, don a 1937 ya rufe ƙofa. Gable ya rasu a 1960, Cooper ya bi shi a 1961. Ta Cooper ɗin ce ta yi wannan kuɗi, shekara 57 bayan mutuwarsa.

Wani zai ce, to mi ya dame mu da Cooper? Ku tambayi dattawan unguwarku. Mu da muka taso lokacin da silima take silima, filin Allah babu rufi, benci a gaba na masu ƙaramin kuɗi, kujera a baya ta manya, mun san fim ɗin kaboyi kamar yunwar cikinmu. Vox da Zabarkan a Yamai, Ɗan Kasawa a Maraɗi, nan samari ke kwashe ƴan canjinsu. Ba lalle mutum ya ji abin da ake faɗa ba, hula da bindiga da tafiyar ƙasaita sun ishe shi. Abin ya shiga jinin samarin ƙasar nan har Mustafa Alasan ya yi fim a kansa a 1966, wato Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ɗaya daga cikinsu sunan da ya ɗauka shi ne Black Cooper. Kafin nan ma, a fim ɗin Moi, un Noir na 1958, Umaru Ganda, lokacin yana ɗan dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, da sunan wani ɗan wasan Amurka ya fito, Edward G. Robinson. Kun ga ashe sunayen nan sun sha ruwan tulunmu.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na motar Steve McQueen. A 1968 ya fito a wani fim mai suna Bullitt, yana ɗan sanda. Abin da duniya ta riƙe a fim ɗin shi ne tseren mota na wajen minti goma a titunan San Faransisko masu hawa da gangara: koriyar Ford Mustang tana bin baƙar Dodge Charger, babu kiɗa, babu magana, sai rurin inji da ƙarar taya. McQueen gwanin tuƙi ne na gaske, shi da kansa ya tuƙa a wani sashe na tseren. Mustang biyu aka yi aikin da su. Ɗaya ta sha tsalle har ta gaji aka yar da ita, ɗayar kuma aka sayar. Ta ratsa hannu biyu, sai a 1974 wani magidanci a jihar New Jersey ya ga tallarta a wata mujallar motoci, ya saye ta a kan ƴan dubban daloli, kuɗin tsohuwar mota dai.

To nan ne daɗin labarin. Mutumin nan bai gina mata ɗaki ya kulle ba. Matarsa malamar lakkol ce, da motar take zuwa aiki kullum. A 1977 McQueen ya gano inda motar take, ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa da abarsa. Ku duba fa, ɗaya daga cikin ƴan wasan da suka fi kowa tsada a duniya a lokacin, yana roƙon wani bawan Allah da babu wanda ya san shi. Magidancin bai sayar ba. A 1980 kulocin motar ya lalace, aka tura ta gareji da niyyar za a gyara, irin "za a gyara" ɗin nan da kowane mai tsohuwar mota ya sani. A shekarar ce kuma McQueen ya rasu a Meziko, yana da shekara 50. Iyalin suka yi ta ƙaura daga wannan jiha zuwa waccan, duk inda suka nufa motar na biye da su, kuma bakinsu alaikum, ba su faɗa wa kowa ba. Uban ya rasu a 2014. Ɗansa ne ya tada injin, ya fito da ita bainar jama'a a baje kolin motoci na Detroit a farkon 2018. A watan Janairu na 2020 aka yi gwanjonta a jihar Florida, ta tashi a dala miliyon 3 da dubu 740, sama da miliyar 2 na sefa.

Abin da zai ba bakanikenmu mamaki shi ne ba a yi mata fenti ba. Koren ya koɗe, tsatsa ta fito, ƙarafan da aka yi wa walda a jikinta don ɗaura kyamara suna nan yadda aka bar su. Da a Maraɗi ne, abu na farko da mai ita zai yi kafin ya kai ta kasuwa shi ne ya kai ta wajen mai fenti, a shafe, a goge, ta fito fes kamar amarya. A can kuwa da an yi haka da an zubar da kuɗi masu yawa. Wata Mustang irin ta, shekararsu ɗaya, injinsu ɗaya, ko da ta fi ta lafiya da ƙyalli, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. Ragowar duk kuɗin suna ne, da kuɗin shaidar da ke tabbatar da sunan.

Shaidar nan ita ce jijiyar kasuwar. Kafin a buga guduma sai an zo da masana sun duba lambar shasi, sun duba ko injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, sun bi sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakarta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake bin takardun fili in rigima ta tashi. Rasiɗin gareji, tsohon hoto, wasiƙa, komi na da daraja. Ita kanta wasiƙar McQueen ta 1977, wadda ba a biya masa buƙatarsa ba, ta zama babbar hujja. Ƴar uwar motar ma, wadda aka yar, an tsince ta a Meziko, gangar jiki kawai, kuma lambar da ke jikinta ce ta tabbatar da ita. 

Sai dai shi ma suna yana tsufa. McQueen na da wata Ferrari ƙirar 1967. A 2014 an sayar da ita sama da dala miliyon 10. A 2023 aka sake kawo ta gwanjo a gari guda, Monterey, ta tashi a miliyon 5 da ƴan kai. Mota ɗaya, takardu ɗaya, cikin shekara tara rabin kuɗin ya tafi. Kasuwa na da dalilanta da yawa, amma a namu ganin akwai wanda bai ɓoyu ba. Wanda ke ɗaga hannu a irin wannan gwanjo galibi dattijo ne da ya kalli McQueen yana yaro, ya fito daga silima yana jin kamar shi ne, yau kuma Allah Ya hore masa. Yarintarsa yake saye. Ranar da irinsu suka ƙare, jikokinsu da ba su taɓa zama sun kalli Bullitt ba za su dubi motar su ga tsohon ƙarfe mai shan mai. Tsohon doki dai sai mai shi.

Akwai kuma ɓangaren kasuwar da ba ya mana daɗi ko kaɗan. James Dean yaro ne ɗan shekara 24, manyan fina-finai uku kacal ya yi. Ya sayi wata ƴar ƙaramar motar tsere, Porsche 550 Spyder, bai cika kwana goma da ita ba. Ranar 30 ga Satumba 1955 yana kan hanyar zuwa gasar tsere a Salinas, bakanikensa na zaune a gefensa, suka yi karo da wata Ford a wata mararraba kusa da Cholame. Dean ya rasu, bakaniken ya tsira da karaya. A ranar ma, kafin hatsarin, ɗan sanda ya tare shi ya ba shi takardar tara saboda gudu. Aka riƙa yawo da ragowar motar gari gari wai don faɗakar da direbobi, ƴan ƙarin gishiri suka yi ta cewa motar na da mugun ƙashi, duk wanda ya taɓa ta sai wani abu ya same shi. A 1960 ta ɓace. A 2021 akwatin giyarta kaɗai, guntun ƙarfen da mutum biyu za su ɗauka, aka sayar da shi sama da dala dubu 380, wanda ya saya kuma ya kai shi gidan kallon abubuwan tsoro a Las Vegas. Mu da kusan kowane gida ya taɓa karɓar gaisuwar wanda hanya ta ci, wannan ciniki bai kwanta mana ba. Ɗan wani ne fa ya mutu a cikin ƙarfen nan.

Mu ɗan leƙa Indiya, tunda fim ɗinsu ya fi na kowa zama a gidajenmu. Dharmendra na fim ɗin Sholay, wanda ƴan kallo a Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, ya sayi motarsa ta farko, wata ƴar Fiat, a 1960, lokacin bai zama kowa ba. Ya samu dukiya, ya hau manyan motoci, amma bai rabu da ita ba. A 2021, yana tsoho tukuf, ya ɗauki bidiyo a tsaye kusa da ita yana nuna wa duniya, kamar mai nuna ɗan fari. Shi kuwa Elvis Presley na Amurka, mawaƙi kuma ɗan fim, da kuɗi suka fara shigo masa sai ya ba mahaifiyarsa Cadillac ƙirar 1955 mai ruwan hoda, alhali tsohuwar ko tuƙi ba ta yi. Motar na nan a gidansa na Graceland, mutane na biyan kuɗi su gan ta. Wannan kam mun gane shi sarai. Duk wanda ya taɓa kai wa gyatumarsa abin da ba ta buƙata, don kawai ta san ɗanta ya kawo ƙarfi, ya san abin da yaron nan ke ji.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma muna da motar tauraro, kuma ba mu jin kunyar jera ta da waɗancan.

Jean Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya haɗu da Damure Zika, ɗan masunta na bakin kogin Isa, abota ta ƙullu har mutuwa. Su biyu da Lam Ibrahim Diya da Tallu Muzuran suka yi fina-finai da dama. Na farkon da ya yi suna, Jaguar, wanda aka ɗauka tsakiyar shekarun 1950, labarin samari uku ne da suka tafi cin rani Gwalkwas, Gana ta yau. Sunan ma daga mota ya samo asali: a Ankara ta lokacin, saurayin da ya iya ado da taƙama shi ake kira jaguwa, da sunan motar Ingila da kowa ke sha'awa amma kaɗan ke hawa.

Sai a 1974 suka fito da Cocorico Monsieur Poulet. Lam ɗan kasuwar kaji ne, yana da wata akwalar Citroën 2CV mai ɗan akwati a baya, ya raɗa mata suna Patience, wato Haƙuri. Shi da aparantinsa Tallu za su shiga daji sayen kaji su kawo Yamai, Damure ya liƙe musu. Motar ta Lam ce ta gaske, ba ta haya ba, kuma Rouch da kansa ya ba da labarin cewa ba ta da birki, ba ta da fitila, ba ta da takardu, har lalacewar da take yi a hanya ce ke sauya musu labarin fim ɗin. In ta mutu, kyamara ba ta tsayawa, gyaran ya zama wasan. Ga aljana na biye da su a daji, ga kogi a gabansu, ga gada amma babu halin bi, don jami'an tsaro na bakinta kuma mota babu ko guntuwar takarda. Duk direban da ya taɓa ɗaure sharɓebiyar taya da tsumma, ko ya toshe lagireto da sabulu don ya kai gari na gaba, in ya kalli fim ɗin nan zai ga kansa, ya yi dariya har da hawaye.

Mu a nan mota ba ta yin ritaya. Fijo 404 da ta yi jigilar gyaɗa da ƴan kasuwa tsakanin Maraɗi da ƙauyuka, in ta gaza sai a cire injin a kai wa mai niƙa ko mai ban ruwa. Gatarin baya da tayoyi su koma amalanken shanu ko na jaki. Maƙera su sare sifirin su yi gatari da fartanya, taya ta zama takalmi da guga, abin da ya rage a kai Katako ko a auna wa masu sayen ƙarfe a kilo. Ba za mu zargi kowa ba. Mutumin da ke da bakuna goma a gida ba zai ajiye ƙarfen jika ɗari a ƙarƙashin bedi don jikokinsa su zo su yi kallo ba, kuma wannan iya sarrafa abu har ƙarshensa fasaha ce da ƴan Pebble Beach ba su da ita.

Amma cikin dubu akwai ɗaya da ta cancanci a ɗaga mata ƙafa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fara fim a Afirka ta yamma. Babbar kyautar FESPACO ta farko, a 1972, Umaru Ganda ne ya ɗauko ta da Le Wazzou polygame. Zalika Sule ta yi suna tun ana ganin fitowar mace a fim abin kunya ne. Mustafa Alasan ya zauna a Tawa shekara da shekaru yana zana ƴan kwaɗinsa yana motsa su a majigi. Yau ku tare saurayi ɗan shekara ashirin a bakin tasha ku ambaci sunayen nan, sai ya dube ku kamar kun yi masa wani yare, don shi a saninsa fim daga Kano ya faro. Gidajen siliman sun rufe, dattawan da suka zauna a bencinsu suna ta tafiya. Yaro kuwa abin da ya gani da ido ya shafa da hannu shi ke zauna masa. Irin motar Lam, da kyamarar Ganda, da teburin zanen Mustafa, gidan tarihi na Bubu Hama ne mazauninsu, inda ƴan lakkol ke zuwa kallon ƙasusuwan dabbobin da da zakoki. Haka nan a gidajenmu: motar farko da kakan wani ya shigo da ita gari, in ita ba za ta ajiyu ba, kart giris ɗinta da hotonta da sunan direbanta ba su cin wuri, jakar leda ɗaya ta ishe su.

Su ma mutanen Cocorico hanya ba ta bar su ba. A watan Fabrairu na 2004, da dare, motar da ke ɗauke da Rouch ta yi hatsari a kan hanyar Tawa kusa da Birnin Ƙonni. Ya rasu yana da shekara 86, aka rufe shi a Yamai. Damure da Mustafa Alasan na cikin motar, Allah Ya yi da sauran kwanansu. Damure ya rasu a 2009, Mustafa a 2015. Allah Ya jiƙan magabatanmu.

Da za a kai Haƙuri gwanjon Kalifoniya, masanan nan masu tocila da madubi da tun a bakin ƙofa za su mayar da ita, don abin da suke fara tambaya shi ne abin da ba ta taɓa mallaka ba, wato takarda. Shaidarta ɗaya ce, fim ɗin kansa, kuma yana nan, wanda ya nema zai samu. A ciki za ku ga inda suka iso bakin kogi, suka tsaya suka yi shawara, suka kwance ta gunduwa gunduwa, ƙofa daban, taya daban, gangar jiki daban, suka loda a jirgin ruwa suka haye, suka zauna a ɗaya gaɓar suka sake ɗaura ta, aka tura, ta yi tari sau biyu ta tashi, suka ci gaba da neman kaji.